Muryata a Cikin Motocin Siminti

Mabera, Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Abuja lafiya, Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya sa gidan Gwaggonki ya zame miki inuwa. Na sa Innarki ta cusa miki takardar a cikin jakar kaya, don na san in na ce zan faɗa miki da baki, za ki yi ta cewa "to Baba, to Baba" idonki na kan waya, ni kuma muryata za ta karye kafin in kai rabi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, duk kin san shi. Ranar da kika zauna gabana kina yi mini bayanin ajin da za ki buɗe a intanet, kika ce za ki koya wa 'yan mata lissafi, suna garuruwansu kina naki, na yi shiru har kika ɗauka ban gane ba. Na gane sarai. Shirun da na yi, tafiya ce na yi zuwa wani zamani da ba a haife ki ba, lokacin da ni ma na yi mafarkin koyar da mutanen da ba na gani. Kin taso kina jin ana kirana Malam mai kaset, ba ki taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Yau zan faɗa, har da inda na yi tuntuɓe, don ki gewaye ramukan da na faɗa ciki.

Lokacin ina saurayin malami a wata firamare kusa da Gidan Igwai, ban daɗe da auren Innarki ba. Soja ke mulki, kuɗin mai kuma sun shigo ƙasa kamar ruwan bazara. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura da agoguna masu ƙyalli. Abokaina kowa ya sayi abin hawa. Ni rikoda na saya, mai cin kaset, mai ɗaukar magana. Ranar da na fara jin muryata ta fito daga cikinta, ni kuma bakina a rufe, sai mamaki ya kama ni. Na yi ta maimaitawa. Na ce ashe mutum yana iya zama a ɗakinsa muryarsa tana aiki a wani wuri.

Maƙwabcinmu a lokacin shi ne Garba direba, wanda kika sani da Baba Garba mai goro, Allah Ya jiƙansa. Ya girme ni nesa. Babbar mota yake ja, yana ɗaukar siminti daga Kalambaina zuwa ko'ina, don zamanin nan ƙasar duk gini take yi. Wata rana muna zaune ƙofar gida ya ba ni labarin yadda ya ɓace a cikin Ikko, ya wuni yana zagaye, ga alluna ko'ina suna nuna hanya amma bai iya karanta ko ɗaya ba. Yana faɗa yana dariya. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Malam, allo na gabana shina magana, ni kuwa kurma na."

Daga wannan magana mafarkin ya kama ni. Ina tsaye gaban aji da alli a hannu, amma hankalina yana kan titi. Ina ganin motocin siminti jere, sun fito Kalambaina fari fat, wasu sun nufi Gusau, wasu sun gangara Yawuri, kowace da rikoda a gefen direba, cikin kowace rikoda kuma ni ne nake cewa wannan baƙi sunansa kaza. Ina ganin muryata tana haye gadoji, tana ratsa dazuzzukan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, tana kwana a tashoshin garuruwan da ban san sunansu ba. Wallahi, Rukayya, har yau in na tuna sai in ji daɗin ya dawo mini sabo. Kada ki bari kowa ya raina miki irin wannan mafarki. Shi ne zai ɗauke ki ranar da ƙarfinki ya gaza. Amma shi kaɗai ba ya koyar da kowa komai, kuma a nan na fara kuskure.

Na kulle kaina a ɗaki. Bayan an tashi makaranta sai in rataya bargo a taga saboda kukan awaki, in zauna in yi ta ɗauka ina gogewa. Watanni na yi a haka, tun daga baƙin farko har zuwa haɗa jimla, ban bari kowa ya ji ko kalma ɗaya ba. Ina cewa sai ya kammala, sai ya yi kyau. Da na gama, na kira Innarki cikin alfahari na danna mata. Ta saurara, ta karkata kai, ta ce, "Malam, wa ka magana cikin abin ga?"

Na ce, "Ni ne mana."

Ta ce, "A'a. Wanga dai mai labarun rediyo na. Kai ba haka kaka magana da ni ba."

Gaskiyarta. Na ɗauko wata murya da ba tawa ba, mai kauri, na bar Sakkwatancin da na sha a nono na ari Hausar Kano, ina yayyafa Turanci don a san na yi makaranta. Ko ni da na sake saurare da kunnenta, sai na ji kamar baƙo ne ya shigo mana ɗaki bai yi sallama ba. Na ji haushi, na yi kwanaki ina cin tuwonta fuska a ɗaure, amma daga ƙarshe na goge duka.

To ke ma, kada ki gama darussanki kaf kafin wani ya gani. Ki ɗauki na farko, ko da bai yi kyau ba, ki ba 'yan mata kaɗan, ki zauna gefe ki kalli fuskokinsu, kada ki ce komai. Inda suka yamutsa fuska, nan aikinki yake. Kuma in kin tsaya gaban kyamara, ki yi magana yadda kike yi wa ƙanwarki bayani a tsakar gida. Na sha jin ki kina koya mata, kina cewa "kin gani ko?" kina dariya. Wannan Rukayyar nake so su samu. Masu ƙawata murya sun yi yawa a duniya.

Da na sake ɗauka da muryata, sai na buga 'yan takardu masu ɗauke da baƙaƙe, kowane kaset da tasa takarda, na ba Garba ya tafi da na farko. Ya yi tafiyarsa ya dawo, na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya sauko yana kaɗe ƙurar siminti daga hularsa, ya ce, "Malam, maganarka akwai daɗi, ta hana ni gyangyaɗi. Sai dai kana ta hwaɗin in dubi takarda, in dubi takarda. In na dubi takarda, wa ka duba hanya?" Ya ƙara da cewa darasin ya yi tsawo, kafin in kai ga abin da nake son faɗa batir ya mutu, muryata ta koma kamar ta mai maye.

Ban taɓa tunanin haka ba. Ina ɗakina ina tsara wa ɗalibin da ke zaune kan benci, hannunsa sake, alhali nawa ɗalibin hannunsa biyu na kan sitiyari. Na san abin da zan koyar, ban san rayuwar wanda zan koya wa ba. Sai na sare darussan suka zama gajeru, na raba su biyu: na saurare a kan hanya, da na dubawa in an tsaya sallah ko cin abinci. Na daina misali da littafin yara, na koma sunayen garuruwan da suke wucewa.

Ki tambayi kanki, ɗiyata, yarinyar da za ta kalle ki, a ina take zaune? Wataƙila wayar yayanta ce ta ara kafin ya fita. Wataƙila gilashin wayar a fashe yake, rubutunki ƙanana ba za su fito ba. Wataƙila data ɗinta kaɗan ce, tana kallo zuciyarta na dukan kada ta ƙare, ga tukunya a wuta. Kada ki ɓata mata lokaci da doguwar gabatarwa. Ki yi sallama ki shiga aiki. Ki yi rubutu manya. Abin da za ki iya faɗa a gajarce, tsawaita shi zalunci ne ga wadda ke biyan kowane minti.

Sai ranar buɗewa. Na ɗora mata buri fiye da yadda rana ɗaya za ta iya ɗauka. Na roƙi sarkin tasha ya ba ni gindin wata bishiyar dogon yaro inda direbobi ke hutawa, na aro tabarmi, na sayi goro, Innarki ta dama kunu cikin babbar roba. Na ɗinka sabuwar riga. A raina har na ga taron: direbobi sun cika wurin, ana ta miƙo hannu, wani babba ya tashi ya yi jawabi ya ambaci sunana.

Da gari ya waye, muka kunna rediyo sai kiɗan soja. Ba labarai, ba gaisuwa, kiɗan kawai yana ta maimaituwa. Ke ba ki san wannan kiɗa ba, Allah kada Ya sa ki san shi. Mu da muka rayu a lokacin mun san ma'anarsa: an kwana da gwamnati, an tashi da wata. Duk da haka na ɗaura kwalin kaset a bayan keke na tafi, don taurin kai. Tasha tsit. 'Yan direbobin da ke nan sun dunƙule kan rediyo ɗaya, ba mai ko ɗaga kai. Na shimfiɗa tabarmina na jera kaset, na zauna cikin sabuwar rigata har inuwar bishiyar ta juya ta bar ni a rana. Kunun nan da almuru muka rarraba wa maƙwabta.

Juyin mulki ba laifina ba ne. Laifina abin da na yi bayansa. Na ɗauki abin kamar da ni aka yi, na tura kwalin ƙarƙashin gado, na ce Allah bai nufa ba. Damina guda ta zo ta wuce ban taɓa shi ba. In Innarki ta tayar da zancen sai in tashi in bar mata ɗakin.

Ranar da za ki buɗe naki ajin, mai yiwuwa wuta ta ɗauke, ko intanet ta tsaya, ko ki zauna kina kallon allon kwamfuta ba wadda ta shigo sai ƙawarki don kunya. Ki yi kukanki in ya zo, ba laifi. Washegari ki sake buɗewa. Ranar buɗewa rana ce kamar sauran ranaku, mu ne ke ɗora mata rawani.

Innarki ce ta fitar da ni, ba tare da ta yi shawara da ni ba. Ta riƙa zaro kaset ɗaya ɗaya daga ƙarƙashin gado tana ba matar Garba, Garba yana ba abokan aikinsa. Ni ban sani ba. Wata ranar kasuwa ina wucewa ta layin masu hatsi, sai na ji wani yana cewa, "Wanga baƙi shi na farkon Gusau, dube shi da kyau, kamar ƙugiya." Na tsaya cak. Muryata ce, tana fitowa daga rumfar wani mai gero da ban taɓa gani ba. Ashe masu sayar da kaset sun kwafe, ya bazu. Ba sunana a jiki, ba komai.

Kin san abin da babanki ya yi? Maimakon in yi hamdala, sai na shiga rumfar mai kaset na yi ta faɗa, har mutane suka taru. Ina cewa aikina ne, gumina ne. Mai geron nan ya biyo ni a baya, ya bari na huce, sannan ya ce, "Ashe kai na Malam? Iyalina ka saurarenka kullum in ta gama aiki. Ta ce in na gan ka in gaishe ka, yanzu tana rubuta sunanta." Na rasa inda zan sa fuskata. Na shirya wa direbobi, ga shi muryata ta shiga gidajen da ni kaina ba zan taɓa wuce zaurensu ba, mata suna zagaye da rikoda suna zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke.

Ban ce ki bar haƙƙinki ba. Ki rubuta sunanki a kan aikinki, ki nemi abin da zai riƙe ki, wannan halal ne. Amma kada neman suna ya rufe miki ido ga waɗanda suka zo. Sau da yawa ba waɗanda kika gayyata ne za su cika ajin ba. Kina jiran 'yan sakandare, sai ki ga uwar 'ya'ya da ta bar makaranta tuntuni ta lallaɓo ta zauna a baya. In kin gan ta, ki matsa mata wuri.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi. Da abin ya karɓu, sai na ruɗe da yawan mutane. Kullum ina ɗaki ina ɗaukar sababbin darussa, ina lissafa garuruwan da muryata ta kai. A lokacin ne mai motocin da Garba ke yi wa aiki ya ce zai zaɓi direba ɗaya ya ajiye shi a gareji ya riƙa kula da fitar kaya, ya huta da hanya. Sharaɗin kawai ya iya karanta takardar kaya. Garba ya fi kowa daɗewa, ga gwiwoyinsa sun fara ciwo, ga 'ya'ya suna girma ba ya ganinsu. Ya sa rai ƙwarai.

Ya zo ƙofata da takarda a hannu ya yi sallama. Na leƙo na ce, "Yaya Garba, ina tsakiyar ɗauka, ka dawo gobe." Ya dawo, na ce jibi. Ya sake dawowa, na ce ai duk abin da yake nema yana cikin kaset, ya ƙara saurare. Ya ce, "To Malam, Allah shi taimaka," ya juya. Ina jin takunsa yana nisa na koma na danna rikoda, na ci gaba da yi wa dubban mutanen da ban sani ba magana mai daɗi.

Bai ci gwajin ba. Aka ba wani. Daga baya na gano abin da ya kayar da shi: ƙananan baƙaƙe biyu ne yake rikitawa, mai ciki a dama da mai ciki a hagu, wato b da d. Kaset ba ya ganin yatsan ɗalibi, ba zai taɓa sanin inda ya karkace ba. Ni da na zauna da shi, kafin shayi ya huce na gyara masa.

Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, wannan ya fi ci mini rai. Da aka yi hutun makaranta na je na same shi a Kalambaina ana yi masa lodi, na ce zan raka shi Jega. Ya dube ni ya buɗe mini ƙofa. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ƙasa kore shar har inda ido ya tsaya, gajimare suna tafe a hankali kamar su ma lodi suka ɗauko. Ya danna rikoda don al'ada, muryata ta cika motar, ga ni kuma zaune gefensa. Na miƙa hannu na kashe. Na shafa yatsa a ƙurar simintin da ke kan gilashi na zana masa baƙaƙen nan biyu, na ce ya kalla in mun tsaya. Muka tsaya gindin wata tsamiya, ya zana nasa ƙarƙashin nawa, ya goge, ya sake, sai ga shi ya kama. Da muka ci gaba, wani allo ya taso mana a gefen titi. Ya rage gudu, leɓunansa suna motsi, ya ce, "Bo... din... ga." Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina wuce ta, yau ta gaishe ni."

Ya iya karatu, Rukayya, har jarida ya riƙa karantawa a teburin goronsa. Amma aikin gareji ya riga ya tafi, ya ci gaba da jan mota har gwiwoyin suka ƙi, 'ya'yansa suka girma yana hanya. Wannan ban iya mayar masa ba.

Don haka ki bar ƙofa a ajinki. Ki ware lokacin da ɗaliba za ta yi tambaya ta ji amsa daga bakinki, ki ga aikin hannunta, ki kira sunanta. Na'urarki za ta riƙa nuna miki yawan waɗanda suka kalla, adadin zai riƙa hawa, zai yi miki daɗi kamar yadda ya yi mini. Ranar da wata ta turo miki saƙo ta ce ba ta gane ba, alhali kina tsakiyar ɗaukar sabon darasi, ki kashe kyamarar. Darasin zai jira ki. Ita ba lallai ta sake dawowa ba.

Hannuna ya gaji, ido ma ya fara yaji. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki hau aiki, ki yi wa Gwaggonki biyayya ko da ta cika faɗa. Ki riƙa kiran Innarki, don ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta yi ta share ɗakinki.

Saura roƙo ɗaya. In kin buɗe rajista, ki sa sunana. Da gaske nake. Lissafin nan mai haɗa baƙaƙe da lambobi tun muna makarantar horon malamai ya gagare ni, na haye shi da ƙyar, na ɓoye wa kowa har na yi ritaya. Ƙanwarki ta yi alkawarin saita mini waya. Zan zauna a zaure da tabarau da fensir, in na ɓace zan ɗaga hannu kamar kowa, kuma kada ki sassauta mini don ni ne.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa albarka a muryarki duk inda ta sauka, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Naki,
Babanki, kuma sabon ɗalibinki.